Hanyar da muka bi da Ummi, daga shawarar jarirai zuwa ɗakin gashi

Ni malamin firamare ne a Daura, kuma mahaifin yarinya mai lalurar da ake kira shanyewar ƙwaƙwalwa, wadda a takardun asibiti ake taƙaita sunanta da haruffa biyu, CP. A gida muna kiran yarinyar Ummi, domin sunan mahaifiyata ta ci. A cikin 'yan watannin nan iyaye uku ne suka yi sallama da ni a ƙofar gida, kowanne da yaron da wuyansa ya ƙi tsayawa, kuma tambayoyin da suka zo da su su ne waɗanda ni ma na yi ta yawo da su fiye da shekara guda ban sami mai amsa mini ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka bi, daki-daki, har da inda muka yi kuskure, ko Allah zai sa wani ya tsira daga ɓata lokacin da muka ɓata.

An haifi Ummi a gida a watan Afrilun 2020, daidai lokacin da aka rufe Daura saboda cutar korona. Haihuwar ta zo da sauƙi, yarinya ta yi kuka nan take, ta kama nono, ungozoma ta yanke cibi, muka yi hamdala. A rana ta uku mahaifiyarta ta lura idanunta sun soma yin rawaya. Matan gida suka ce shawara ce, babu jaririn da ba ya yi, a riƙa fitar da ita hantsi ana ba ta ruwan gulukos, za ta washe. Ni ma na yarda, ga kuma tsoron asibiti da ya kama kowa a wancan lokaci. A rana ta biyar rawayar ta sauko ƙirji da ciki, a ta shida ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, yarinya ta saki nono, kukanta ya koma wani siririn ƙara mai tsinin gaske, tana banƙarewa ta baya kamar baka. A daren ne na nemi mota muka nufi asibiti, inda ma'aikaciyar jinya ta dube ta sau ɗaya ta ce mu wuce Katsina, kada mu jira gari ya waye.

A Katsina an ɗebi jininta, aka sa ta ƙarƙashin shuɗiyar fitila an rufe mata ido, sannan likita ya kira ni gefe ya ce sinadarin da ke kawo rawayar, wanda ake kira bilirubin, ya yi yawan da fitila kaɗai ba za ta iya ba, sai an yi mata canjin jini. Ƙanena ya ba da jini a madadin wanda aka ɗauko mana, aka yi aikin ta cibiyarta, ana zuƙe nata kaɗan-kaɗan ana mayar da sabo. Likitan ya tambaye ni ko muna sa kafur a cikin kayan jaririyar, na ce akwatin kayanta cike yake da shi. Ya bayyana mini cewa akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, waɗanda kafur ke farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta yi tsanani, kuma saɓanin rukunin jini tsakanin uwa da jariri ma yana kawo haka. Kwanan mu goma aka sallame mu, aka rubuta mana ranar dawowa bayan mako biyu. Ba mu koma ba. Yarinya ta washe, tana shan nono, muka ɗauka magana ta ƙare, kuma har takardar sallamar sai da ta ɓace a cikin kaya. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma har yau ina jin nauyinsa.

Da ta kai wata biyar wuyanta bai tsaya ba, alhali yara kan riƙe kai tun suna wata uku zuwa huɗu. Idan aka ɗauke ta, wani lokaci jikinta ya saki kamar tsumma, wani lokaci kuma ya sandare har ba a iya lanƙwasa mata hannu. Inna, wato mahaifiyata, ta ce kowane yaro da lokacinsa, a bar mata takwararta ta huta. Da ta kai wata tara ba ta zama, sai maganganu suka fara yawo. Wasu suka ce shan inna ne, wasu suka ce iska ce ta shafe ta saboda mahaifiyarta ta fita da magariba tana da ciki, wasu suka ce sammu ne. Mun yi hayaƙi, mun yi wanka da saiwoyi, mun je wajen masu magani har ƙauyukan kan iyakar Nijar, na sayi kwalabe na wani ruwan magani da aka ce yana buɗe ƙwaƙwalwa, kuma rago guda da nake kiwo don layya a nan ya tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da wata tsohuwa ta shigo gidan ta dubi yarinyar ta ce ai wannan 'yar ruwa ce, a kai ta bakin rafi a juya baya, za ta koma inda ta fito. Maman Ummi ba ta ce mata uffan ba, ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki, amma daren nan ba ta runtsa ba, ni ma haka. Washegari bayan sallar asuba na tsayar da limamin unguwarmu na faɗa masa komai. Ya ce, "Malam, addu'a ba a daina ta, amma yarinyar nan 'yarka ce, amana ce a wuyanka, kuma asibitin da ya yi mata canjin jini shi ya fi kowa sanin abin da ya same ta. Ka koma can."

Ummi tana da wata 14 lokacin da muka fara daga farko. Na kai ta asibiti a nan Daura, likita ya saurari tarihin, ya rubuta mana takardar turawa zuwa sashen yara na wani babban asibiti a Katsina. Wannan takarda tana da muhimmanci, domin idan babu ita za ka iya wuni ana tura ka daga wannan taga zuwa waccan. Tsakanin Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne, don haka muka bar gida ana idar da sallar asuba, muka isa bakwai da rabi, duk da haka muka tarar da layi ya yi nisa. An tambaye ni lambar tsohon katinmu na lokacin canjin jini, ban da ita, sai aka buɗe mana sabon fayil a kan naira 1,000, wanda sai ka biya a wata taga dabam ka dawo da rasit. Sai wajen ƙarfe ɗaya muka ga likita, shi kuma ya ce wannan aikin likitan jijiya da ƙwaƙwalwar yara ne, wanda yake zama rana ɗaya kacal a mako, kuma sunayen da ke gabanmu sun cika mako uku. Mun koma Daura da la'asar ba mu ji sunan ciwon ba. A mota Maman Ummi ta ce, "Malam, anya ba wahalar banza muke yi ba?" Ban sami abin da zan ce mata ba, illa cewa tunda an ba mu rana, za mu cika ta.

Ranar da muka koma ita ce ranar da na fara fahimtar abin da nake ciki. Likitar mace ce, ta ɗauki kusan minti arba'in a kanmu. Ta tambayi yadda cikin ya kasance, ko an yi doguwar naƙuda, ko yarinya ta yi kuka da aka haife ta, ko bakwaini ce, ko ta taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga. Da muka kawo maganar shawara da canjin jini sai ta ajiye biro. Ta kwantar da Ummi, ta ja ta ta hannuwa tana kallon yadda kan ke rinjaya baya, ta miƙa mata abin wasa ta ga yadda yatsun ke murɗewa hannun ya bauɗe ya wuce abin, ta ɗaga abin sama ta ga idon ba ya iya bin sa can. Sannan ta ce, "Malam, Maman Ummi, ku saurare ni da kyau. Shawarar nan ta taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Raunin ya riga ya faru, sau ɗaya ya faru, ba ya ƙaruwa, amma babu allura ko ƙwaya da za ta goge shi. Abin da ya rage mana shi ne mu koya wa jikin hanyoyin da zai bi, mu hana gaɓoɓi ƙagewa, mu kula da cinta da jinta." Na tambaye ta ko shan inna ne, ta ce a'a, shan inna ƙwayar cuta ce da ke kama jijiyoyin laka ta bar ƙafa a sake, wannan kuwa daga ƙwaƙwalwa yake, ba a ɗaukarsa, kuma ba laifin uwa ba ne. Ta maimaita wannan magana ta ƙarshe tana kallona, na kuma gane dalili, domin a gidaje da yawa uwa ake ɗora wa laifi.

A wannan zama da waɗanda suka biyo baya na koyi cewa lalurar iri-iri ce. Mafi yawan yara nau'in sandarewa suke da shi, inda jijiyoyi ke ɗaurewa, ƙafafu su harɗe kamar almakashi, yaro ya riƙa tsayawa a kan yatsu. Akwai nau'in da jiki ke motsi ba da son mai shi ba, yana murɗewa, wanda shawara mai tsanani ta fi haifarwa, kuma shi ne na Ummi. Akwai kuma na rashin daidaito, mai sa tangaɗi da karkarwar hannu. A duniya ana lissafa cewa cikin kowace haihuwa 1,000 ana samun yara biyu zuwa uku da wannan lalura, kuma a ƙasarmu manyan musabbabanta su ne rashin numfashin jariri a lokacin haihuwa, da shawara, da cututtukan da ke hawa ƙwaƙwalwa a ƙuruciya. Likitoci suna auna ƙarfin motsin yaro a matakai biyar, na ɗaya shi ne mai tafiya da kansa, na biyar shi ne wanda ko kansa ba ya iya riƙewa. Daga baya, da Ummi ta haura shekara biyu, an sa ta a mataki na huɗu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da likitar ta ce yaran da shawara ta taɓa, sau da yawa hankalinsu lafiya lau yake, jikin ne kawai ba ya yi musu biyayya, don haka kada mu kuskura mu riƙa magana a kanta kamar ba ta wurin.

An rubuta mana gwaji biyu. Na farko hoton ƙwaƙwalwa na MRI, wanda kuɗinsa ya kusa cinye albashina na wata guda. Na tambayi likitar ko dole ne, ta gaya mini gaskiya cewa zai tabbatar da abin da ta riga ta gani ne, ba zai canza abin da za a yi wa yarinya ba, don haka idan kuɗin ɗaya gare ni in fara da gwajin ji. Na bi shawararta. Gwajin ji ya kai mu Kano, inda aka jira Ummi ta yi barci, aka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, na'ura tana auna yadda sauti ke isa ƙwaƙwalwa. Mun kwana a gidan wani ɗan'uwa saboda ranar farko ta ƙi barci har aka tashi. Sakamakon ya nuna tana ji, amma sautin ba ya isa gare ta a tace, musamman inda ake hayaniya. Aka ce mu riƙa fuskantarta idan za mu yi magana, mu kashe rediyo, mu yi gajerun jimloli. A nan na gane dalilin da ya sa take lumshe ido ta kau da kai idan gida ya cika da baƙi, abin da a da ake cewa ƙiwa ce.

Sashen gashi shi ne inda muka fi daɗewa, kuma har yau muna zuwa. Kalmar gashi ta ruɗe ni da farko, na zaci za a riƙa gasa mata jiki da wani abu mai zafi har ta miƙe. Abin da na tarar shi ne ɗaki mai shimfiɗu a ƙasa, da manyan ƙwallaye na roba, da madubi, da mata kusan ashirin kowacce da ɗanta, maza kuwa ni kaɗai ne sai wani dattijo da ya rako jikarsa. Ana biyan naira 1,000 a kowane zama a lokacin, kuma an ce mu riƙa zuwa sau biyu a mako. Mun yi wata biyu a haka muka ga ba za mu ɗore ba, saboda kuɗin mota da abinci da ranakun aikin da nake rasawa. Na faɗa wa jami'ar gashin ina jin kunya, sai ta ce ai daman minti talatin da take yi ba shi ne maganin ba, abin da uwa ke yi a gida kullum shi ne. Ta mayar da mu sau ɗaya a mako biyu, ta sa Maman Ummi ta riƙa yin kowane motsi a gabanta har sai hannunta ya faɗa, ni kuma ina ɗauka a waya don mu duba a gida. Ta koya mana kwantar da ita rub da ciki a kan naɗaɗɗen bargo don wuya ya yi ƙarfi, da kwantar da ita ta gefe hannuwa biyu a gaba, da yadda ake ɗaga ta a naɗe don kada ta banƙare. Ta kuma ce goyo da zani yana da kyau, domin yana buɗe cinyoyi, sai dai a ɗaga zanin ya tallafi kai. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mun rasa zama uku a jere saboda babu tsabar kuɗin mota, kuma bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar kuɗin motar ya ninka fiye da sau biyu. Abin da muka koya a gida shi ya riƙe mu a waɗannan watanni.

Maganar ciyarwa sai na tsaya a kanta, domin a nan ne muka kusa rasa ta. Ummi tana daɗewa kafin ta haɗiye, abinci yana dawowa, cokali biyar sai ya ci minti goma. Wata rana mahaifiyarta ta tafi gaisuwar rasuwa, wata gwaggonta da ke tausayin ramar yarinyar ta kwantar da ita a cinya ta yi mata ɗura da koko, kamar yadda aka saba yi wa yara. Kokon ya bi ta hanyar numfashi, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari suka rufe ta, muka kwana biyar a asibiti ana yi mata maganin ciwon huhu. Gwaggon ba mugunta ta yi ba, abin da ta gada ta yi. Daga nan aka koya mana cewa yaro irin wannan a zaune ake ba shi abinci, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, da ƙaramin cokali, kuma abu mai kauri ya fi ruwa-ruwa sauƙin haɗiya. Muka koma kunun gyaɗa mai kauri, da faten dankali da aka dama da ƙwai, da tuwo mai laushi da miyar kuka, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, domin jikin da ba ya daina motsi yana ƙona abinci da yawa. Na tara matan gidanmu gaba ɗaya na roƙe su cewa ko bayan raina kada wanda ya sake yi mata ɗura.

Kujerar zamanta ta farko kafinta ne ya yi ta a nan Daura. Jami'ar gashi ta zana mana ita a takarda da awon jikin yarinyar, kujera mai kusurwa a baya, da ɗan katako tsakanin cinyoyi, da faifan tebur a gaba. Ya karɓi naira 7,000, ya ce kuɗin katako kawai ya ɗauka. Ranar da aka zaunar da Ummi a ciki a tsakar gida, karo na farko ke nan da ta ga gidan a zaune, ba daga kwance ko daga bayan uwarta ba. Ta bi kaji da ido har suka shige akurki, sannan ta yi wata dariya da ta sa Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka. A kan wannan teburin na manna mata hotuna da na yanko na kuma zana da kaina: kofi, kwano, fo, tabarma, da hoton Inna. Na sa su a ƙasa saboda idonta ba ya son kallon sama. Wata uku muna nuna mata muna faɗin suna, har wata safiya ta tattara ƙarfinta gaba ɗaya, hannun ya bauɗe sau biyu, a na uku ta dunƙule shi ta buga a kan kofi, ta ɗago tana kallona. Na kawo ruwa ta sha. Wannan ita ce magana ta farko da 'yata ta yi mini, tana da shekara uku.

Neman keke ya fi komai cin rai. Na je wani ofishi da ke kula da jin daɗin jama'a, aka ce in kawo takardar roƙo da hannuna, da rahoton likita, da hoton yarinya guda biyu wanda ke nuna dukkan jikinta, da takardar shaida daga mai unguwa. Rahoton likita kaɗai ya ɗauki mako biyu da kuɗinsa. Na kai, aka ce in riƙa leƙowa, na yi ta leƙowa har wata takwas. Da aka tashi rabo, keken manya aka ba mu, wanda Ummi za ta iya kwanciya a cikinsa. Ban raina ba, na kai wa mai walda ya rage faɗinsa, mai gyaran kujeru ya sa soso a gefe da gefe da abin tallafar kai da ɗamara, muka kai wa jami'ar gashi ta duba ta sa aka gyara wurin ajiye ƙafa. Na kuma je wajen ƙungiyar masu buƙata ta musamman, suka karɓe ni hannu biyu, sai dai na lura tsarin da muka gada, na guragu da makafi da kurame da kutare, kowane rukuni da sarkinsa, bai tanadi wurin yaro irin Ummi ba. Keken hannu mai ƙafa uku da ake raba wa waɗanda shan inna ya shafa ba shi da amfani ga wanda hannunsa ba ya bin umarninsa. A wurinsu ne dai na fara jin dokar hana nuna wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, da hukumar ƙasa da aka kafa a 2020 don kula da ita. Dokar ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce, amma har yau ɗaukar keken nake yi a matakalar wurare da yawa.

Makarantu biyu masu zaman kansu sun ƙi karɓarta, ɗaya ta ce ba su da mai kula da ita, ɗaya ta ce iyayen sauran yara za su janye 'ya'yansu saboda miyau da take dalala. Ni malami ne, na san wahalar aji mai yara da yawa, amma maganar ta biyu ta yi mini ciwo, domin jahilci ne aka bari ya yi hukunci. Islamiyyar unguwarmu ce ta fara buɗe mata ƙofa. Malamin ya sa kujerarta a gaba kusa da shi don ta riƙa ganin bakinsa, ya kuma ba yaran labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa. Yanzu 'yan mata uku na maƙwabta ne ke karɓa-karɓa wajen tura kekenta zuwa makaranta da dawowa, har sukan yi gardama a kan ranar wa ce. Mai Keke Napep ɗin layinmu ba ya karɓar kuɗi idan zai kai mu tasha ranar asibiti, shugaban makarantarmu kuma ya daidaita mini jadawali ya bar mini safiyar ranar. Irin wannan taimako ba ya cikin kowace takarda, amma ba mu same shi ba sai da muka daina ɓoye yarinyar a ɗaki. Shekara biyun farko ko taron suna ba a zuwa da ita, kuma mutane ba sa taimakon abin da ba su gani ba.

Matan da ke haɗuwa a ɗakin gashi su ma sun zama dangi. Sun buɗe zaure a WhatsApp, suna adashi na kuɗin mota, wadda ɗanta ya girmi kujerarsa ta miƙa wa ta baya. A cikinsu akwai waɗanda mazajensu suka sake su saboda yaron, akwai wadda mijinta bai taɓa taka asibitin ba ko sau ɗaya. Daga wurinsu na koyi abin da ya shafi farfaɗiya, wadda Allah ya raba Ummi da ita amma take damun yara da yawa masu wannan lalura: ba a tura cokali a baki, ba a yin hayaƙi, a kwantar da yaro ta gefe, kuma ba a yanke maganin farfaɗiya kwatsam don an ga sauƙi ko don kuɗi sun yanke, sai an koma ga likita. Ranar 6 ga Oktoba, wadda ita ce ranar masu wannan lalura ta duniya, sukan sa koren kaya su haɗu su ci abinci tare. Ina kira ga 'yan'uwana maza da babbar murya a nan, domin yarinya mai shekara biyar nauyi gare ta, kuma Maman Ummi ta fara ciwon baya tun tana ɗauke da ita ita kaɗai. Wanka da ɗagawa da motsa jiki na dare yanzu nawa ne, kuma ban ga abin da ya ragu a mutuncina ba.

Iyayen da suka zo wurina, abin da nake fara gaya musu shi ne su nemi sunan ciwon a wurin likitan yara kafin su kashe ko sisi a kan magani, kuma duk wanda ya ce yana da maganin da zai warkar da shi gaba ɗaya, a kwalba ne ko a allura, su riƙe kuɗinsu su sayi abinci da kujera. Ina gaya musu su sami jaka guda su tara kowace takarda, katin asibiti da takardar sallama da rasit da sakamakon gwaji, su kuma ɗauki hotonsu a waya. Su rubuta tambayoyinsu tun daga gida, domin a gaban likita kai yakan ɗaure. Su je da abincin yaro da kayan canji, su faɗi gaskiya idan ba za su iya zuwa sau biyu a mako ba. Kada su jira sai yaro ya shekara biyu, domin ƙwaƙwalwar jariri ta fi karɓar horo a farkon rayuwa, kuma watannin da muka yi muna hayaƙi su ne waɗanda na fi jin takaicinsu. Kada kuma su auna ɗansu da ɗan wani a ɗakin gashi, tunda raunin kowa dabam ne. Ummi ba ta tafiya da kanta, mai yiwuwa ba za ta yi ba, amma tana zama a tabarma idan ta dogara da hannuwanta, tana taka 'yan taku a cikin abin tafiya da mai walda ya ƙera mata idan ana riƙe da ita, tana faɗin Inna da Abba da ruwa, hotunan teburinta kuma sun haura talatin.

A ƙarshen 2023 Allah ya ba mu ɗa namiji. A asibiti aka haife shi, kuma tun kafin a dawo da shi gida na kwashe kafur ɗin gidan gaba ɗaya na zubar. Kowace safiya ina fitar da shi haske in duba farin idonsa da dasashinsa, in danna goshinsa da yatsa in ga launin da zai bayyana. A rana ta uku na ga rawaya. Wata maƙwabciya ta fara cewa a fitar da shi hantsi, sai Inna da kanta ta katse ta, ta ce, "A'a, ku ɗauko mayafi, asibiti za a tafi." Kwana biyu ya yi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila aka sallame mu, kuma wannan karon mun koma ranar da aka rubuta mana. Yanzu shi ne ke ɗauko wa yayarsa kofi idan ta buga hoton. Wata mai zuwa muna da ranar hoton ƙugun Ummi a Katsina, wanda likita ta ce a riƙa yi lokaci-lokaci saboda ƙashin ƙugun yaran da ba sa tafiya yakan goce a hankali ba tare da an lura ba, kuma na riga na sa takardar a cikin jaka.